Kar ka sayi gida sai ka shiga cikinsa da la'asar

Shekara uku kenan da na raka yayana duba wani gida da yake son saya, kuma har yau abin da na gani a gidan nan bai bar raina ba. Dillalin ya sa mana lokaci ƙarfe goma na safe. Muka shiga, tayil sai ƙyalli yake kamar ka ga fuskarka, fenti sabo har ƙamshinsa bai fita ba, an yi wa silin ado da ƙananan fitilu zagaye, ga wata ƙatuwar taga ta gilashi tun daga ƙasa har kusan sama a falo. Yayana ya tsaya tsakiyar falon yana murmushi, na san ya riga ya gama saye a zuciyarsa. Na ce Yaya dan Allah mu dawo da la'asar kafin ka ba da komai. Dillalin ya ce ai ranka ya daɗe gida ɗaya ne da safe da yamma, me zai canza? Muka dai dawo wajen ƙarfe huɗu da rabi. Wallahi muna buɗe ƙofa wani huci ya dake mu a fuska, wannan babbar tagar ashe yamma take kallo, rana ta shigo ta kwanta a kan tayil har tsakiyar falo, na ɗora tafin hannuna a bangon ɗakin da aka ce na yara ne na ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Na nemi tsani na leƙa ta ƙofar silin, babu komai tsakanin kwano da silin sai iska mai zafi da wayoyin wuta a barbaje, ko minti ɗaya ban iya yi ba na sauko ina zufa.

Abin da nake son faɗa kenan. Mai sayen gida yana biyan kuɗi sau biyu ne. Na farko ranar da ya karɓi makulli, wannan kowa ya san shi, ana ciniki a kai, ana kawo shaidu, ana sa hannu. Na biyun kuma duk wata zai dinga biya har ranar da ya bar gidan ko ya bar duniya, kuɗin wuta, kuɗin man janareto ko gas, kuɗin gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ke aiki ba dare ba rana, a ƙasashen sanyi kuma kuɗin hita. Wannan na biyun babu mai gaya maka shi, kuma ba wai ba a iya saninsa ba ne, ana iya lissafa shi tun gidan yana kan takarda. A ra'ayina ya kamata doka ta tilasta duk mai sayar da gida ko mai ba da haya ya bayyana wannan lissafin a rubuce, kuma a sa wani mafi ƙarancin mataki na rufi da bango da taga wanda babu wanda za a bari ya yi gini ƙasa da shi.

Ku duba inda matsalar ta samo asali. Wanda ya gina don ya sayar ba shi zai kwana a ɗakin ba, ba shi zai biya bil ba. Duk abin da ya kashe a cikin silin ko a cikin bango ido ba ya gani, mai saye ba zai ƙara masa ko sisi a kai ba, amma abin da ya kashe a tayil da fitilu da ƙofar gaba nan take yake dawo masa da riba. Toh me kake tsammani zai yi? Ba sai ya zama mugun mutum ba ma, kasuwar ce ta koya masa haka, mu masu saye mu muka koya masa, tunda abin da muke tambaya kenan. Haka mai gidan haya, shi ne zai kashe kuɗin gyara, ɗan haya ne zai ci moriyar, shi ya sa ba ya yi. Irin wannan matsalar ba ta gyaruwa da wa'azi ko roƙo, sai an canza abin da mai saye yake iya gani kafin ya biya.

Bari in ɗan tsaya a kan rufi domin nan ne mafi yawan ɓarnar take a wuraren zafi, kuma nan ne mutane suka fi raina wa hankali. Idan rana ta take tsaka kuma gari garau, kowace murabba'in mita ɗaya na samun zafin da ya kai kusan wat 1,000. Gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 100, kaga wat 100,000 kenan ke sauka a kansa. Ƙaramar esi ɗinnan mai doki ɗaya abin da take iya fitarwa daga ɗaki bai wuce wat 2,600 ba ko kusa da haka. Gaskiya ne ba duk zafin ne ke shiga ciki ba, wani yana komawa sama, wani iska ta kwashe, amma ko kaɗan daga ciki ya ratsa ya ishe ka. Kwano mai duhu yana iya haura digiri 65 da rana, fari kuwa a rana ɗaya wuri ɗaya yana iya zama ƙasa da shi da digiri ashirin da wani abu. Amma je ka ga yadda ake rububin baƙin kwano da ruwan toka mai duhu saboda wai ya fi kyau a ido. Mutum ya ɗora baƙin ƙarfe a kan iyalinsa, sannan ya sayo na'ura ta zo ta yi faɗa da zafin da shi da kansa ya gayyato, kuma duk wata ya biya kuɗin faɗan.

A birnin Ahmedabad na Indiya, zafin watan Mayun 2010 ya kashe mutum sama da 1,300. Bayan nan a 2013 hukumar birnin ta fito da tsarin tunkarar zafi, daga baya aka shigo da shafa farin fenti ko farar ƙasa a rufin gidajen talakawa. Ba wata fasaha mai tsada ba ce, burushi ne da bokiti, kuma ɗakin yana sauka da 'yan digiri. Wanda bai taɓa kwana a ƙarƙashin kwano ba zai ce digiri biyu ko uku ai ba komai ba ne, amma ga jariri ko tsohuwa mai hawan jini wannan shi ne bambancin barci da rashinsa, wani lokacin ma bambancin rai da mutuwa. A Faransa zafin watan Agustan 2003 ya yi sanadin mutuwar mutum kusan 15,000, yawancinsu tsofaffi, kuma binciken da aka yi bayan nan ya nuna zama a hawa na ƙarshe, dab da rufi, yana cikin abubuwan da suka ƙara haɗarin. Shi ya sa idan na ji ana cewa maganar tattalin wuta a gida maganar masu kuɗi ce ko ta 'yan boko raina yake ɓaci, talaka ne ya fi kowa shan wahalar gini marar tsari, shi ne ba shi da esi ɗin da zai ɓoye aibin ginin.

Sai abin tare zafi da ake shimfiɗawa a kan silin ko a cusa a bango, wanda magina ke ce wa insuleshan, akwai mai kama da auduga da ake yi da dutse ko gilashi, akwai mai kama da soso. Mutane da yawa sun ɗauka kankare mai kauri yana tare zafi, alhali kankare yana wuce da zafi fiye da wannan audugar sau arba'in ko ma fi. Ma'ana shimfiɗar santimita 10 tana tare abin da sai ka zuba kankare mai kaurin kusan mita 4 kafin ka samu irinsa. Abu ne da idan ana cikin gini kafinta zai shimfiɗa shi a yini ɗaya ko biyu, kuɗinsa idan ka gwada da na gidan gaba ɗaya ɗan kaɗan ne, amma da yake babu baƙon da zai zo ya ce kai wannan insuleshan naka ya yi kyau, sai a tsallake shi. Kuma aikinsa biyu ne, inda ake zafi ya hana shi shigowa, inda ake sanyi ya hana ɗumin ɗaki fita.

Akwai ma wanda ko kwabo ba ya ci, wato inda gidan ya fuskanta. Ranar safe da ta yamma a kwance suke zuwa, kai tsaye suke shiga taga, baranda ba ta iya tare su sosai. Ranar tsaka kuwa daga sama take, ɗan rufin da ya fito waje kaɗan ya isa ya yi wa bango inuwa. Don haka a wuri mai zafi dogayen bangaye da manyan tagogi arewa da kudu ya kamata su kalla, bangon yamma a rage masa taga, a sa masa banɗaki ko sito ko matakala, a dasa bishiya a gabansa. A ƙasashen sanyi na arewacin duniya kuma rana ake nema ba inuwa ba, a buɗe wa kudu gilashi don ranar hunturu ta shigo. Duk wannan a kan takarda ake yanke shi da fensir, kafin a haƙa fandisho. Da zarar an zuba kankare an gama, ba a juya gida.

Abin takaicin shi ne ba sabon ilimi ba ne. Mutanen Shibam a Yaman sun gina benaye na tubalin laka masu hawa biyar har zuwa goma sha ɗaya, da yawansu tun ƙarni na 16, a matse da juna don kowane gini ya yi wa ɗan uwansa inuwa. A Yazd ta Iran akwai hasumiyoyin da ke kamo iska daga sama su sauko da ita cikin gida. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi gari ya huce sannan ya fara sakinsa, shi ya sa ɗakin ƙasa yake da sanyi da tsakar rana. A zamaninmu mai zanen gini Francis Kere ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a Burkina Faso, aka gama a 2001, da tubalin ƙasa da aka matse da ɗan siminti, ya ɗaga kwanon sama nesa da silin ɗin yadda iska za ta dinga ratsawa tsakani tana kwashe zafin. Kwano dai kwano ne, irin wanda kowa ke amfani da shi, ɗaga shi kawai ya yi. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker wadda ita ce mafi girma a harkar zanen gini, ɗan Afirka na farko da ya samu.

Ba ina cewa kowa ya koma ginin ƙasa ba ne fa. Ƙasa tana da nata raunin, ruwa ne maƙiyinta, idan ba a yi mata harsashi mai tsayi da rufin da ya fito sosai ba za ta zaizaye, kuma inda dare ba ya hucewa, irin bakin teku mai gumi, bango mai nauyi ba ya taimako sosai, can iska mai ratsawa da inuwa ake buƙata. Abin da nake ƙi shi ne wannan ɗabi'ar ta ɗauko gini iri ɗaya, bulo na siminti da gilashi da alminiyom, a dasa shi a hamada, a dasa shi a kurmi, a dasa shi a kan dutse, kamar duk duniya yanayi ɗaya ne. Shi kansa simintin, haɗa shi kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa.

A ɓangaren sanyi kuma ku ga abin da aka yi a Jamus. A 1991 aka gama wasu gidaje huɗu a jere a Darmstadt ƙarƙashin jagorancin wani masanin fiziks, Wolfgang Feist, tsarin da ake kira Passivhaus. Bango mai kaurin insuleshan, taga mai gilashi uku, an toshe duk wata kafar da iska ke zurarewa, sannan aka sa na'urar da ke shigo da sabuwar iska tana ɗumama ta da ɗumin wadda ke fita. Ƙa'idarsu ita ce kar ɗumama gida ya ci fiye da kilowat-awa 15 a kowace murabba'in mita a shekara, alhali tsofaffin gidaje na cin ninkin haka sau goma ko fiye. Gidajen nan har yanzu ana zaune a ciki, sama da shekara talatin. Kenan an daɗe da sanin yadda ake yi, abin da ya rage shi ne a sa mutane su yi.

Kuma tarihi ya nuna sai an sa ɗin ake yi. Sai da farashin man fetur ya ninka kusan sau huɗu a rikicin 1973 sannan ƙasashe suka farka, Jamus ta Yamma ta yi dokar tare zafi a gini a 1977, jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara aiki da nata ƙa'idojin a 1978. Tarayyar Turai ta yi doka a 2002 wadda ta kawo takardar shaidar cin makamashi, a Ingila aka fara amfani da ita a 2007. Takarda ce mai sauƙi, an jera haruffa daga A zuwa G, kore zuwa ja, A gidan da ya fi tattalin wuta, G wanda ya fi ci, irin wadda ake liƙawa a jikin firji. Kafin ka sayar ko ka ba da haya dole ka nuna ta. Daga 2018 a Ingila aka hana ba da sabuwar haya a gidan da ya gaza matakin E sai da wani uzuri da doka ta yarda da shi, Faransa kuma daga farkon 2025 ta hana sabuwar haya a gidajen G. Takardar nan tana da kurakuranta, wani lokacin mai dubawa yana yi a gurguje, lissafin kuma ba koyaushe yake dacewa da ainihin bil ba. Duk da haka na fi son mai saye ya riƙe takarda mai ɗan kuskure da ya shiga ido rufe yana dogaro da bakin dillali.

Na san abin da za a ce, kuma ba na raina shi. Za a ce gida ya riga ya fi ƙarfin mutane, matasa ba sa iya saye, ka zo kana ƙara sharuɗɗa, ai ƙara tsada za ka yi. Gaskiya ne zai ƙara wani abu a ranar saye. Amma wa ya ce gida mai araha shi ne wanda kuɗin sayensa ya yi ƙasa? Idan ka rage min kaɗan yau ka ɗora min bil mai nauyi na shekara arba'in ai ba sauƙi ka yi min ba, bashi ka ɗora min ban sani ba. Sannan gyara daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba, a fasa silin, a cire taga, a sake filasta, ga iyali a ciki. Kuma rabin abin da nake magana a kai, fuskar gida, launin rufi, girman taga, tagogi biyu masu kallon juna don iska ta wuce, ba ya ƙara komai, wani ma ragewa yake, don ƙaramar taga ta fi babba araha. Dokar da nake so ba sai ta ce kowa ya gina irin na Darmstadt ba, a fara da abu uku ko huɗu da kowane birkila zai gane, a ƙara a hankali.

Wani kuma zai ce ai sai in sa sola, magana ta ƙare. Ina son sola sosai, amma sa sola a gidan da ke shan zafi ta ko'ina kamar ɗiban ruwa ne a kwando. Duk zafin da ka hana shiga, faifan sola ne da batirin da ba sai ka saya ba, kuma batir yana mutuwa a sake saye, inuwar baranda kuwa tana nan muddin gidan na tsaye. A fara da jikin gidan, sannan a zo kan na'ura. Wannan ba lissafin gida ɗaya ba ne ma kawai. Hukumar makamashi ta duniya ta ce gine-gine na cin kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin da ake amfani da shi a duniya, kuma a 2018 ta ƙiyasta esi biliyan 1.6 ne ke aiki, za su iya kai biliyan 5.6 a 2050. Duk su a lokaci ɗaya ake kunna su, lokacin da zafi ya tsananta, lokacin ne layin wuta ke gazawa, kuma kowace esi zafin da ta cire a ɗaki a titi take zubar da shi, kan wanda ba shi da ita.

Abu ɗaya da nake jin tsoro shi ne a yi dokar a bar ta babu mai dubawa, ko a bar 'yan kasuwa su liƙa duk abin da suka ga dama da sunan tare zafi. Gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yunin 2017, ta ci rai 72, kuma abin da ya sa wutar ta haye benen mai hawa 24 cikin ɗan lokaci shi ne kayan da aka lulluɓe jikinsa da su lokacin gyara, masu kama wuta ne. Haka kuma idan ka toshe gida ruf ba ka bar wa iska hanya ba, gumi zai taru, bango ya yi baƙi da fumfuna, yara su fara tari. Don haka dole a horar da magina da masu duba gini, a san wane kaya ne aka yarda da shi, kuma mai dubawa ya zo lokacin da silin ke buɗe, ba bayan an rufe an yi fenti ba.

Kafin gwamnatoci su motsa, mai saye yana da 'yan abubuwa a hannunsa. Ka nemi bil na shekara guda idan an taɓa zama a gidan, wanda ya ƙi nuna maka ya riga ya ba ka amsa. Ka buɗe kamfas ɗin wayarka ka ga ina ɗakunan kwana suke kallo. Ka tambayi maƙwabta yadda suke kwana a watan da ya fi zafi ko sanyi. Ka ce a kashe esi da fanka ka zauna minti ashirin. Ka hau tsani da kanka, kar ka aika yaro.

Yayana dai ya sayi gidan nan, unguwar ta yi masa kusa da wurin aiki, amma sai da aka rage masa kuɗi bayan mun nuna wa mai gidan cikin silin ɗin. Da abin da aka rage ya sa aka shimfiɗa insuleshan, aka shafe kwanon da farin fenti, aka yi wa babbar tagar rumfa ta katako daga waje, yara kuma aka mayar da su ɗakin da ke kallon arewa, wancan na yamman ya zama na ajiye kaya. Bishiyoyi biyu da ya dasa a gefen yamma yanzu sun kai tsayin linta, inuwarsu ba ta kai ga rufe bangon ba tukuna, da la'asar har yanzu idan ka taɓa saman bangon za ka ji ɗumi, ƙasan kuma inda ganye ya tare a sanyaye yake.